Albasar Gwandu da Sauran Tarkace

In ka shiga Gwandu ba ka san Sirajuddeen ba, kada ka wahalar da kanka da tambaya. Tsaya kawai a bakin rumfar cajin waya ta Muzzammil, shi da kansa zai zo ya tare ka ya ba ka tarihinsa, har da abin da bai faru ba tukuna. Ya taɓa kiwon kaji, kajin suka mutu. Ya taɓa gyaran fanka, har gobe akwai gidan da fankarsu da baya take juyawa. Ya ɗan taɓa kabu-kabu, ya ajiye, wai titunan Kebbi sun yi wa gwanintarsa kaɗan.

Abu ɗaya ne a rayuwarsa da ba cika baki ba: yana son Mubaraka, 'yar gidan masunta a Kalgo, so na tsakani da Allah. Ita kaɗai ce in tana magana yake rufe baki ya saurara. Manya sun shiga maganar, mahaifinta kuma ya ce ba ya gaggawa, zai turo ƙanensa, Kawu Lawal, ya zo Gwandu ya yi bincike kamar yadda aka saba. Tambayar da zai zo da ita guda ce: yaron nan mece ce sana'arsa? In an samu amsa, a sa rana. In ba a samu ba, kowa ya kama gabansa.

Wannan ya sa Sirajuddeen ya garzaya Birnin Kebbi ya shiga wani horo na koyon talla a intanet. Malamar da ta koyar da su ta nanata magana guda har muryarta ta dushe: wanda zai buɗe shafin talla ya zaɓi haja ɗaya tak, ya san ta ciki da bai, ya san masu sayenta, ya tsaya a kanta har a san shi da ita. Taura biyu ba ta taunuwa. Gogan naka ya dawo gida da takardar shaida, da kati rataye a wuya, da wata sabuwar Hausa irin ta rediyo wadda ko uwarsa ba ta san shi da ita ba.

Kuma abin mamaki, da farko ya yi hankali. Ya zaɓi albasa. Ya sa wa shafin suna Albasar Gwandu, ya shiga fadama ya ɗauki hotunan albasa jajaye masu sheƙi, ya jera.

Muzzammil, abokinsa tun na makarantar allo, ya duba wayar ya jinjina kai. "Wallahi Siraju, wanga karo ka yi abin kai. Ka tsaya nan, kak ka ƙara komi."

"Ni za ka koya wa?" in ji Sirajuddeen. Ya juya wajen 'yan majalisa da ke zaune suna jiran wayoyinsu su cika, ya ɗaga murya. "Ku ba ku san mene ne shafi ba. Shafin nan nawa, ko tsinken sakace na ɗora da hantsi, kafin la'asar wani Balarabe ya aiko a kai masa. Duniya ce gaba ɗaya a tafin hannuna!"

Baki shi ke yanka wuya. Kafin magariba maganar ta zaga gari, ta shiga har cikin gidaje.

Da safe sai ga Gwaggo Larai, yayar mahaifinsa, da faifai cike da daddawa. Ta dire shi a kan teburin caji, ƙamshi ya kori mutum biyu daga benci.

"Siraju, an ce kana da kasuwa cikin waya. Ga daddawata, aza min ita."

"Gwaggo, ai shafin na albasa ne zalla. Ƙa'idar ilimin ke nan, ba a haɗa..."

"Ƙa'ida? Sadda anka kawo min kai yaye kana zawo bisa zanena, wace ƙa'ida nib bi?"

A majalisa kowa ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Sirajuddeen ya ɗauki hoton daddawa.

"To, albasa ta samu ƙanwa," in ji Muzzammil bayan ta tafi.

"Kai ba ka da ilimin kasuwanci. Albasa ina take zuwa? Tukunya. Daddawa fa? Tukunya. Haja ɗaya ce, sunanta kayan miya." Nan take ya gyara sunan shafi ya koma Albasar Gwandu da Kayan Miya.

Bai gama gyarawa ba ya ji ana gyaran murya a bayansa. Malam Abu ne, wanda ya koya musu karatun allo, riƙe da igiyar wani tsohon jaki mai yagaggen kunne, wanda ya tsufa har ƙudaje sun daina damuwa da shi.

"Sirajo, jakin ga na so shi ga duniya. An ce Larabawa na saye wurinka."

Wa ya isa ya kalli malaminsa ya ce a'a? Sirajuddeen ya durƙusa ya gaishe shi, ya tashi ya ɗauki hoton jaki ta ɓangaren kunnen da ke da lafiya.

"Shi ma tukunya za shi?" Muzzammil ya tambaya.

"Da me ake ɗauko albasa daga fadama? Da jaki. Wannan shi ake kira sufuri. Ka riƙa tambaya ana wayar maka da kai."

Daga nan ƙofa ta ɓalle. Shamsuddeen mai maganin basir ya zo da kwalabensa, shi kuwa ƙanen mijin yayar Sirajuddeen ne, ba a yi masa musu. Wata Bafulatana daga Kambaza ta kawo man shanu, ita ce ke kai wa uwarsa nono tun yana rarrafe. Ladan ya kawo firjin da ya daina sanyi tun zamanin da ake samun wuta. Wani mutumin Ceberu ya zo ba da haja ba, akuyarsa ce ta ɓace yake so a yi masa cigiya, kuma da shi aka haƙa kabarin kakan Sirajuddeen. A garin da kowa ya taɓa yi wa gidanku rana, idon wa za ka kalla ka ce kayansa ba su dace da tsarinka ba? Kowanne ya zo sai an ɗauki hoto, kowanne kuma sai gogan ya samo masa dangantaka da albasa. Da aka zo kan maganin basir sai ya ce ai duk wanda ya ci miya da yaji ƙarshenta nan zai biyo.

Sunan shafi ya yi ta tsawo har ya daina shiga fuskar waya. Albasar kanta ta nutse can ƙasa, sai ka wuce firji da akuya kafin ka gan ta.

"Aure kaɗai yar rage ba ka aza ba," in ji Muzzammil, yana nufin ba'a.

Idon Sirajuddeen ya kawo haske. "Ka ga, wani lokaci har jahili yakan faɗi magana! Wa ke dafa albasa? Matar aure. Za a buɗe sashen masu neman aure."

Sai dai sashen ya ƙi samun haja. Zawarawan unguwa da ya je neman hotonsu, ɗaya ta biyo shi da muciya har bakin titi. Samari suka ce su ba awaki ba ne da za a kasa su. Sirajuddeen ya ce matsalar mutanenmu ba sa gane abu sai sun ga samfur. Ya aro babbar riga, ya kafa hula, ya sa Muzzammil ya ɗauke shi hoto yana dafe da motar wani baƙo. A ƙarƙashi ya rubuta: matashi mai kamfani, lafiyayye, mai jin magana, ba ya zaɓen abinci, yana neman mace mai sana'a ko daga ina take. Ya sa lambar wayarsa.

"Siraju, cire abin ga. In 'yan Kalgo sunka gani hwa?"

"Samfur ne kawai, anjima zan sauke." Anjima data ta ƙare. Da ya sake sayen wata, wani ya kawo keken ɗinki, maganar samfur ta bi ruwa.

Ana cikin haka saƙo ya iso cewa Kawu Lawal na tafe. Sirajuddeen ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, ranar zai yi bikin buɗe shafi, baƙo ya gani da idonsa. Amma can cikin ransa tsoro ya kama shi, don ya san tambayar da mutumin zai zo da ita amsa ɗaya take so. Ya bi gida gida yana roƙo: don Allah duk wanda aka tambaya, ya ce albasa. Kowa ya ce to, ai wannan mai sauƙi ne.

Kawu Lawal ya sauka da hantsi. Gajeren dattijo ne mai ƙarancin magana, irin masuntan da suka saba zama a kwalekwale su jira kifi ba tare da sun ƙosa ba. Bai nemi gidan su yaro ba, ya shiga unguwa shi kaɗai yana gaisawa da mutane. Sirajuddeen ya bi shi daga nesa, yana laɓewa a bayan katanga.

Abin da bai lissafa ba shi ne, duk wanda ya ga baƙo da riga mai kyau yana tambayar mai shafi, sai ya ɗauka Balaraben ne ya aiko wakili.

"Siraju? Ɗan daddawa na," in ji Gwaggo Larai daga bakin zaure. "Tun kakanninmu ita muke yi. Ta nawa za a ba ka?"

"Madalla," in ji Kawu Lawal.

Malam Abu ya ce, "Dillalin jakkai na, yaron kirki. Akwai wani na hannu yanzu haka, in ka gane shi sai ka rantse doki na."

"Madalla."

Shamsuddeen ya kama hannun baƙo ya ja shi gefe, ya rage murya yadda duk layin zai ji. "Basir muke yi, ni da shi. Kak ka ji kunya Alhaji, tun tahiyarka nig gane."

"Madalla."

Kowace madalla sai Sirajuddeen ya ji ta kamar an zuba masa ruwan randa a baya. Da mutumin Ceberu ya ce sana'ar yaron cigiyar awaki ce, gogan ya dafe kai a bayan katanga. Ya lallashi kansa da cewa biki zai gyara komai.

Bayan la'asar aka kafa rumfa a gaban shagon Muzzammil, aka jera kujerun roba, Shamsuddeen ya ba da aron lasifikar da yake tallan magani da ita. Aka ba Kawu Lawal kujerar gaba. Duk mai haja a shafi ya zo da hajarsa don kada Larabawa su zo ba ya nan. Ga faifan daddawa, ga kwalabe, ga keken ɗinki, ga firji an ɗauko a baro, ga jaki an wanke shi an shafa masa mai. Albasa buhu ɗaya ce, an jingine ta a gefe.

Sirajuddeen ya karɓi makirfo. "Jama'a, yau Gwandu ta shiga sahun manyan biranen duniya!"

Jaki ya tura kai cikin kwandon da Gwaggo ta zo da shi, ya fara cin ganyen da ta rufe daddawa. Gwaggo ta kai masa duka da faifai, daddawa ta watse a cinyar ladan. Ladan ya zabura ya bangaji baro, firji ya kwanta a kan ƙwaryar man shanu. Bafulatana ta ɗora hannu a ka tana salati. Ana wannan rikici sai ga akuyar mutumin Ceberu da ta ɓace ta ratso taro da ƙafarta, ta nufi teburin da aka baje takardar shaidar horo ta kama ci.

"Akuyata!" mai ita ya yi tsalle.

"Kun ga ƙarfin intanet!" Sirajuddeen ya faɗa a makirfo, yana jan sauran takardarsa daga bakinta. "Cigiya ta yi aiki!"

Kawu Lawal ya jira har ƙura ta lafa, sannan ya ɗaga yatsa. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Yaro, cikin kayan ga duka, wanne anka taɓa saye?"

Gaskiya ita ce tun da aka buɗe shafin ko tsinke ba a taya ba.

Sai wayar Sirajuddeen ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya ɗaga wayar sama. "Ga amsarka nan, Kawu! Mai saye ne!" Ya buɗe muryar wayar, ya kara ta a makirfo don duk Gwandu ta ji.

"Salamu alaikum. Da mai shafi nike magana? Jibrin na, daga Diggi. Yayata ta ga abu cikin shafinku, ta gani tana so. Ga mu tashar Gwandu. Shina nan, ko an riga mu?"

"Yana nan daram!"

"Babu wanda yat taya?"

"Ku ne na farko!"

"Lahiyarshi lau? Ba shi da wani aibi da anka ɓoye?"

"Garau yake, ni ne shaida!"

"Shina da ci da yawa?"

Malam Abu, wanda ya riga ya gama yanke hukuncin jakinsa ake nufi, ya ƙwala daga baya: "Kaɗan shike ci! Ko kara ka ba shi ya gode!"

Muzzammil ya ja rigar abokinsa. "Siraju, tambaye su wane kaya."

Sirajuddeen ya ture hannunsa. Babban ɗan kasuwa ba ya nuna zalama a gaban suruki.

"To in mun zo mun gani ya yi muna, kun sallama?" in ji muryar.

"Na sallama tun yanzu! Jama'a ku shaida, duk abin da ke kan shafina, wanda ya riga zuwa shi ke da shi. Ba na magana biyu!"

"Mun shaida!" taro ya amsa, kowa na gyara hajarsa. Kawu Lawal ma ya gyaɗa kai.

Ba a jima ba babur ya tsaya. Wani ƙaƙƙarfan mutum ya sauka, bayansa wata mace mai jiki, ta kai shekarun Gwaggo Larai ko ta kusa, ta yafa mayafi, tana riƙe da waya a hannu. Ta wuce daddawa ba ta kalla ba. Ta wuce kwalabe. Malam Abu ya jawo jaki gabanta, ta kauce masa. Ta zo gaban Sirajuddeen ta tsaya, ta dubi waya, ta dube shi, ta sake duban waya.

"Shi na, Jibrin. Amma ya hi ƙiba cikin hoto." Ta zaga shi sau ɗaya a hankali. "Ina rigar? Ta aro ta ko?"

Muzzammil ne ya fara ganewa, ya sulale ƙasa yana riƙe ciki. Daga nan dariya ta kama kamar wutar kara. Ladan ya manta da daddawar da ke jikinsa, Bafulatana ta manta da man shanunta.

Hausar rediyo ta gudu ta bar Sirajuddeen. "Wallahi Inna samfur na! Ba na saidawa na ba! Mantuwa niy yi ban sauke ba!"

"Kak ka ce min Inna, sunana Delu," in ji ta. "Mijina ya rasu ya bar min gonar shinkahwa, tsuntsaye sun hana ni sakat. Nig ga an rubuta mai jin magana, ba ya zaɓen abinci. Da nij ji muryarka cikin waya kuwa, nic ce ma Jibrin wanga ko daga bakin gona yat tsaya ya isa."

"Kuma kai kac ce ka sallama," in ji Jibrin. "Da kunnena nij ji."

"Mu ma mun ji!" in ji taro. Har da Gwaggo Larai, wadda ke share hawayen dariya da bakin zane.

Kawu Lawal ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. Sirajuddeen ya yar da makirfo ya zube a gabansa, ya kama gefen rigar da hannu biyu. Yanzu babu sauran cika baki, tsoro ne zalla a fuskarsa, don ya ga Mubaraka na kuɓuce masa a gaban idonsa.

"Kawu, don girman Allah ka tsaya in yi ma bayani. Mubaraka nike so, ita kaɗai. Albasa ta sana'ata, wallahi albasa ta!"

Dattijon ya dubi buhun albasa da ke jingine a gefe, akuya na shinshina shi. Ya zare rigarsa a hankali.

"Yaro, ni bincike anka aiko ni, kuma na gama. Ba a ciniki bisa cinikin wani, kai ma ka sani, ga malaminka nan tambaye shi. Baiwar Allah ga ta taso tun daga Diggi, ka sallama mata gaban shaidu, har da ni cikinsu. Za ni koma in hwaɗa ma yayana gaskiya: yaro ya iya talla. Abu guda gare shi na kanshi cikin shafin, kuma ya saidu. Babu saura."

Ya ɗaga wa ɗan kabu-kabu hannu, ya hau, bai waiwayo ba. Sirajuddeen na durƙushe yana kallon babur ɗin har ya sha kwana ya kama hanyar Birnin Kebbi. Ya san kafin isha maganar ta isa Kalgo, ta shiga kunnen yarinyar da ta yi ta kare shi a gaban iyayenta tana cewa wannan karon da gaske yake.

Delu ta taɓa kafaɗarsa da gefen waya. "To tashi, ɗan yi ihu guda in ji, kahin mu yi maganar manya."

Ba don ta ce ba ne. Abin ne ya taso masa tun daga ciki. Sirajuddeen ya ɗora hannu biyu a ka ya kurma ihu, irin na wanda ya yi asarar da ba ta da mayi. Tsuntsayen da ke kan bishiyar bakin shago suka tashi fir gaba ɗaya, jaki ya tsinke igiya ya yi cikin gari.

Delu ta bi tsuntsayen da kallo har suka ɓace, sannan ta juya wajen ƙanenta.

"Ya yi, Jibrin. Tambayi gidansu."